Alamar Tambaya a Cikin Kwalba

A garinmu na arewacin Minnesota, inda tsofaffin ramukan haƙar ƙarfe suka cika da ruwa suka koma tafkuna, kowa ya san Marlys Haapala da abu biyu: burodinta mai ƙamshi da zafin ranta. Burodin ana samunsa ranar Lahadi bayan coci. Zafin ran kuwa kullum a shirye yake, kuma tun watan Afrilun da aka zubar mata da kwalabe ya ƙaru har ƙawayenta suka fara shakkar yi mata sallama. Idan ta zo wucewa ta gaban kwalejin da ta yi wa aiki shekara talatin da takwas, sai ta tsallaka titi ta bi ɗaya gefen, ko da can ne ƙanƙara ta fi santsi. Ni dai ban ga laifinta ba.

'Yar mahaƙin ƙarfe ce. Tana gama sakandare ta samu aikin wanke kwalabe a sashen nazarin halittun ruwa, a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai warin sifirit. Mai ɗakin shi ne Dakta Wendell Straub, dogon mutum mai mantuwa, wanda kan zo aiki da safa kala biyu. A makonta na farko ya hango ta tana shirin tuttular da ruwan wata kwalba a wurin wanki, sai ya daka mata tsawa.

"Ke! Tsaya! Rai ɗari kike shirin kashewa."

"Ruwa ne zalla fa, Dakta."

"To zo ki ga zallar da idonki."

Ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɓallin gilashi, ya tura ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya ce ta leƙa. Ta ga wata halitta da ba ta kai ƙwayar gishiri ba, jikinta garau, ido ɗaya baƙi ƙirin, zuciya tana bugawa a fili, ga ƙwai uku goye a baya. Ƙuman ruwa ke nan. Ba ya cizo, ba ya shan jinin kowa, tsallen da yake yi a cikin ruwa ne ya ja masa sunan. Marlys ta daɗe a sunkuye har wuyanta ya ƙage, ran nan ba ta gama wankin ba.

Daga nan ta koyi aikin, ba digiri ba takardar shaida. Ta koyi jan raga mai laushi a cikin ciyawar bakin ruwa, da ware halittu da tsinin allura, da ƙidaya ƙayoyin da ke wutsiyarsu, don da wannan ƙidayar ake gane wane ne wane. Ɗakin yana da dokoki biyu, kuma ita ta fi Dakta riƙe su. Ta farko: bayanin kowace kwalba a cikinta ake jefa shi, a 'yar takarda, da fensir, saboda sifirit yana cinye tawadar biro tas. Wuri, rana, suna. Idan abin bai yi daidai da littafi ba, sai a rubuta sunan da ya fi kusa, a bi shi da alamar tambaya. Ta biyu: ba a shiga wani ruwa da takalmin da ba a wanke ba, domin ƙwan waɗannan halittu mai ɓawo ne, yana maƙalewa a laka, ya bushe, ya yi shekaru yana jira, kuma takalmi mai datti yakan kai na wannan tafki wancan ya rikita komai. Marlys ta taɓa mayar da wani babban baƙon farfesa mota a kan wannan dokar, yana ji yana gani.

Littafin da suke dubawa kuwa yawancin sunayen cikinsa daga Turai aka kwaso su. Mutanen farko da suka leƙa ruwan ƙasar nan sun ga abin da ya yi kama da na garinsu, suka ce ai shi ne, suka laƙa masa sunan suka wuce. Dakta yakan ce rabin ƙuman nahiyar nan da sunan aro suke yawo, kuma babu mai lokacin tsayawa ya tambaye su nasu.

A bayan tsohuwar gonar Kinnunen akwai wani kududdufi mai baƙin ruwa, wanda ko shanu ba sa sha'awar sha. Nan Marlys ta samo nata. Littafi ya ce ƙayoyin wutsiya bakwai ne, in sun yi yawa takwas. Ta ƙirga sha biyu. Ta ɗauko wata ta ƙirga, sha biyu. Ta ƙirga talatin a yini ɗaya, ba wadda ta saɓa. Ta rubuta sunan aron da fensir, ta danƙara masa alamar tambaya, ta kai wa Dakta. Ya leƙa, ya cire tabarau, ya sake leƙawa.

"Marlys, wannan ba shi da suna a duniya. Amma sai mun samu namiji."

"Matan nan talatin ba su isa shaida ba?"

"A jikin namiji bambancin ya fi fitowa. In babu shi, ba mai saurarenmu."

"Ikon Allah. Ko a cikin kududdufi ma sai namiji ya yi magana ake yarda."

Matsalar ita ce duk tsawon shekara mata ne zalla a ruwan, suna haihuwar mata ba ruwansu da kowa. Mazan ba sa fitowa sai 'yan kwanaki a ƙarshen kaka, gab da ruwa zai daskare, wata shekarar ma ba sa fitowa sam. Yayanta Reino, wanda suke zaune gida ɗaya tun da matarsa ta rasu, da ya ji wannan labari sai da ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi. Ya ce, "Shi ya sa kike son su. Kin samu 'yan ƙungiyarku." Marlys ba ta taɓa aure ba, kuma ba ta taɓa neman shawarar kowa a kan haka ba. Ta jefe shi da tsumman goge tebur.

Kaka goma sha tara ta yi tana shiga wannan ruwa har gwiwa, tana fasa siririyar ƙanƙara da diddige, yatsunta suna sandarewa a kan sandar raga. Sau uku kacal ta dace da maza. Kwalba arba'in da shida ta tara, ta jera su a kanta ta sama, kowacce da alamar tambayarta a ciki. Saura a rubuta, a zana, a aika, a raɗa suna.

A nan Dakta ya cuce ta, ko da yake bai yi nufi ba. Yau ya ce sai ya gama jarrabawar ɗalibai, gobe ya ce sai an aiko masa samfurin Turai a kwatanta, jibi ya manta inda ya ajiye zanen. Haka ya yi ta ja mata rai har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, bai sake tashi ba. Ta yi kuka a jana'izarsa, ta kuma ji haushinsa a jana'izar, duk a zama ɗaya. Akwai kuma haushin da ba ta cika faɗa ba, na kanta. Ta iya zanen, ta san abin da za a rubuta, amma duk ranar da ta ɗauki takarda sai ta ji kamar ana tambayarta daga nesa: ke a wa? Mai wankin kwalabe? Sai ta mayar da takardar aljihun tebur.

Ana nan sai majalisar gunduma ta yanke shawarar cike kududdufin, a gina rumbun gishirin da ake watsa wa titi lokacin sanyi. Marlys ta sa rigarta ta coci ta je zaman majalisa, ta tashi ta yi bayani dalla-dalla. Shugaban zaman ya saurare ta yana murmushin raini.

"Malama, ƙuma fa kika ce? Mu da muke neman maganinsa a jikin karnukanmu?"

Aka bushe da dariya. Washegari ta koma kududdufin ta shiga na ƙarshe, katafila tana tsaye a bakin hanya tana jira. Da ta dawo gida idonta a rufe yake da baƙin ciki. Ta tuɓe dogon takalmin robar da lakarsa da komai, ta wurga shi bayan gareji, ta rantse ba za ta sake taɓa shi ba. Abin da ya riƙe mata zuciya shi ne kwalaben. Ruwan ya tafi, amma shaida tana nan cikin kwalabe a kantar sama, wata rana wani mai ido zai zo ya gani. Da ta yi ritaya aka tambaye ta kyautar da take so, ta ce ba ta son agogo, a ba ta tsohon madubin Dakta. Aka ba ta, don dama ba mai amfani da shi.

Shekara goma sha ɗaya bayan cike kududdufin, wata Talata a watan Afrilu, ta ɗauki burodi ta leƙa tsohon ɗakinta, kamar yadda takan yi jefi-jefi. Sabon mai kula da ajiyar shi ne Dakta Corbin Lathrop, mutum mai fara'a da tsafta, wanda bai fi shekara ɗaya da zuwa ba. Tun daga ƙofa ta ga kantar sama fayau. A gefen wurin wanki ga kwalabe an kife su a jere suna sheƙi.

"Malama Marlys! Sannu da zuwa. Kin ga yadda muka samu sarari?"

"Ina kwalaben Kinnunen?"

"Wane Kinnunen? Au, bari in duba miki." Ya juya wajen kwamfuta ya latsa. "Yawwa. Ai wannan irin gama-gari ne, akwai shi ko'ina, har Turai. Muna da kwalba sama da ɗari biyu nasa. Na ajiye biyar masu kyau na babban tafki, sauran na juye a duron shara, an kwashe tun makon jiya."

Ta ajiye burodin a hankali. "Takardun da ke ciki fa?"

"Duk na shigar da su nan da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ya ɓata."

"Karanta mini sunan."

Ya karanta.

"Sai me a bayansa?"

"Babu komai a bayansa."

"Akwai alamar tambaya. Kwalba arba'in da shida, alamar tambaya arba'in da shida, da hannuna na yi su. Ba ka gani ba?"

Ya sosa ƙeya. "Na gani. Amma gurbin suna ba ya karɓar alama, sai dai ki zaɓa daga jerin da ke ciki. Na ɗauka ko wanda ya rubuta ne bai tabbatar da yadda ake rubuta sunan ba."

"Ban tabbatar da rubutu ba? Ni?" Ta matso gabansa. "Ranka ya daɗe, da digirinka uku, ka buɗe kwalba arba'in da shida, kowacce tana yi maka tambaya, ko ɗaya ba ka ɗiga a madubi ka amsa mata ba? Ga madubi nan a gefen gwiwar hannunka, ka rufe shi da leda kamar kayan lefe! Gidana bai kai tafiyar minti goma ba. Waya ba ta aiki ne? Tir!"

"Malama, ki yi haƙuri, za a iya sake ɗebo wasu a wurin."

"Je ka ɗebo. Ka tafi da shebur, don gishiri ne a kai da kwalta. Abin da ba shi da suna, ba shi da gida, waɗannan kwalaben kaɗai suka san ya taɓa zuwa duniya, ka juye shi a shara don akwatin kwamfutarka ba ya son tambaya." Ta dubi kwalaben da ke kife. "Wanki dai ya yi kyau. Da aikin nan na fara, na san mai kyau in na gani."

Ta ɗauki burodinta ta fita da shi.

Kwana tara ta yi kamar za ta haɗiyi zuciya. Ba ta je coci ba, ba ta kunna murhun gashi ba, Reino ya yi ta cin waken gwangwani. A rana ta goma, da hantsi, tana zaune a kicin ta ji ƙarar tiyo a tsakar gida. Reino ne ya ga rana ta fito ya shiga sharar gareji. Ta taga ta hango shi ya jingina dogon takalmin robar nan a bango, ya bushe ƙamas, laka ta daskare a tafinsa, yana gyara bakin tiyo zai fesa.

Mace mai shekara sittin da biyar, mai ciwon gwiwa, ba ta san lokacin da ta sauka matakala uku a taki ɗaya ba.

"Yaya! Kar ka kuskura!"

"Ke lafiya? Shekara goma sha ɗaya ina roƙonki ki wanke ƙazamin takalmin nan, yau na ce in yi miki..."

Ta fizge tiyon ta jefar, ruwa ya wanke masa wando. Ta durƙusa ta rungumi takalmin. Tsawon rayuwarta sau ɗaya tak ta karya dokar wanke takalmi, ranar da haushi ya hana ta. Ta shiga ruwan da shi fes, kamar kullum, ta fito ta wurgar. Duk lakar da ke jikinsa ta Kinnunen ce, ba gauraye.

Reino ya tsaya yana ɗigar ruwa. "Na shiga uku. Ta fara rungumar takalmi."

"Kawo mini cokali da kwanoni. Masu tsafta, ba naka na wake ba."

Ta kankare lakar, ba ta fi cikin tafin hannu biyu ba. Ta raba ta kwano shida, ta zuba ruwan sama da ta tace, ta sa a firji mako uku don ƙwan su ɗauka sanyi ya zo ya wuce, sannan ta jera su a taga. Kullum da safe sai ta ɗaga kowane kwano a hasken rana ta ƙura masa ido. Mako ɗaya shiru. Mako biyu, kwano huɗu suka yi gansakuka suka fara wari. Ta zagi majalisa, ta zagi kwamfuta, ta zagi marigayi Dakta ta nema masa gafara. A rana ta goma sha tara, a kwano na biyar, ta ga wani ɗigo ya yi tsalle. Ta goge tabarau. Ɗigo huɗu ne.

Ta bar su suka girma, tana ba su ɗan yis ɗin burodi a tsinin allura. Da suka haihu suka kai ashirin, ta ɗauko madubin Dakta, ta ɗiga ɗaya, ta ƙirga. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi murmushi ba. Ta ɗauki waya ta kira kwaleji.

"Ka zo gidana. A'a, ba ni zan zo ba. Kai za ka zo."

Lathrop ya iso bayan azahar, ya tsaya a ƙofar kicin tsuru-tsuru. Ba ta ba shi kujera ba, sai wadda ke gaban madubi.

"Zauna. Ka tuna yadda ake leƙawa, ko in nuna maka?"

Ya zauna ya murɗa madubin, ya leƙa.

"Ƙirga da ƙarfi, in ji."

"Ɗaya, biyu, uku..." Da ya wuce takwas sai muryarsa ta yi ƙasa. "Sha biyu." Ya ɗago, fuskarsa ta yi ja. "Malama Marlys, wannan ba shi ba ne. Wallahi ba shi ba ne. Ki ba ni su in kai ɗakin ajiya, mu shigar da su yau."

"A wane gurbi?"

Ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"An gyara akwatin? Yana karɓar tambaya yanzu?"

"Sai an raɗa masa suna zai shiga. In muka samu namiji..."

"Namiji. Da ina da su, guda sittin da biyu, na kaka uku cikin goma sha tara. Ka san inda suke. Waɗannan mata ne, a kwanon miya, a tagar tsohuwa. Ko za su ga dama su haifi namiji a nan, ko ba za su yi ba, ko zan kai lokacin, Allah kaɗai ya sani."

"Na yi kuskure babba. Ki yafe mini."

"Ba yau ba."

Ta ɗauko ƙaramar kwalba ta cika da sifirit, ta tsamo mace ɗaya ta saki a ciki. Ɗigon ya yi tsalle biyu ya tsaya, kuma abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata. Ta yanko 'yar takarda ta tura gabansa.

"Rubuta."

Ya kai hannu aljihun riga ya zaro biro. Ta buge hannun, biron ya gangara ƙarƙashin firji. Ta miƙa masa guntun fensir. Ya rubuta wuri: lakar takalmi, kududdufin Kinnunen. Ya rubuta rana. Ya rubuta sunan aron nan na Turai, ya ɗago kai. Tana dai tsaye a kansa hannu a ƙugu. Ya sunkuya ya ƙara alamar tambaya.

Ta jefa takardar a ciki, ta murɗa murfi, ta ɗora kwalbar a kantar kicin tsakanin sukari da gwangwanin kofi. Sannan ta buɗe masa ƙofa. Ya fita hannu rabbana, ba kwalba ba burodi.

Reino, wanda tun ɗazu yake laɓe a falo yana jin komai, ya leƙo ya dubi kantar. Ya so ya faranta mata rai.

"To ai ga shi, kin samu ta arba'in da bakwai."

Marlys ta ɗauki fensir ta jawo kwalbar za ta sa mata lamba a murfi.

"A'a, Yaya," ta ce. "Ta ɗaya."